Amsar Wasiƙunku: Zanen Mashal Ney Da Komowar Sojojin Faransa Daga Mosko

 A wannan mako wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo. Ta fito ne daga wani malamin makarantar sakandare da ke zaune a Kakuri, can ƙetaren kogin Kaduna, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga dukkan ma'aikatanku. A cikin wani littafin tarihin Turai da nake koyarwa da shi, akwai hoton wani zane na sojojin Faransa a cikin dusar ƙanƙara, wasu a tsaye wasu a kwance, ga wani babban hafsa a tsakiyarsu riƙe da bindiga. An rubuta a ƙasa cewa Mashal Ney ne, lokacin komowa daga Mosko. Ɗalibaina sun tambaye ni abu uku: wane ne ya yi zanen, shin yana wurin ne ya ga abin da idonsa, kuma me zai sa mutane su ɓata kuɗi da lokaci su zana ranar da aka kore su? Don Allah ku taimaka mini da bayani."

To Malam, mun gode ƙwarai, kuma a gaishe mana da ɗaliban nan naka, don kuwa tambayoyi ne na masu hankali. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma tilas mu fara da labarin yaƙin kansa, in ba haka ba zanen ba zai fahimtu ba.

YADDA AKA SHIGA RASHA

Ran 24 ga watan Yuni na shekarar 1812, Sarkin Faransa Napoliyon ya fara ƙetare kogin Niemen, wanda a lokacin shi ne iyakar Rasha ta yamma, da rundunar da Turai ba ta taɓa ganin irinta ba. In an haɗa da waɗanda suka biyo daga baya, mutanen sun kai wajen 600,000. Kada kuma a ɗauka duk Faransawa ne. Wajen rabinsu an kwaso su ne daga ƙasashen da ke ƙarƙashin ikonsa ko suke ƙawance da shi, wato 'yan Polan da Jamusawa da Italiyawa da 'yan Holan da sauransu. Babban dalilin yaƙin kuwa shi ne, Napoliyon ya hana ƙasashen Turai ciniki da Ingila, shi kuwa Sarkin Rasha Alekzanda na Ɗaya ya ga hanin yana durƙusar da tattalin arzikin ƙasarsa, sai ya yi watsi da shi.

Napoliyon ya zaci Rashawa za su tsaya a bakin iyaka a gwabza, a gama cikin 'yan makonni. Su kuwa sai suka yi ta ja da baya, suna ƙone rumbuna da amfanin gona, suna kore dabbobi, don kada baƙon ya sami abin da zai ci. Ai dama Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Sai ran 7 ga Satumba suka ja daga a wani ƙauye da ake kira Borodino, ƙarƙashin tsohon janar ɗinsu Kutuzov. A wannan yini guda, kimanin mutum 70,000 ne suka mutu ko suka ji rauni a ɓangarorin biyu. Bayan mako ɗaya, ran 14 ga Satumba, Napoliyon ya shiga Mosko, ya tarar yawancin mutanen garin sun watse. A daren ranar gobara ta tashi, ta yi kwanaki tana ci, har ta cinye mafi yawan birnin. Ya zauna mako biyar yana jiran Alekzanda ya aiko neman sulhu, amma ko amsar wasiƙa bai samu ba. Ran 19 ga Oktoba ya juya da baya da mutum kimanin 100,000. Masu sauraro ku riƙe wannan adadi da kyau, za mu komo kansa.

HANYAR KOMOWA

Daga Mosko zuwa kogin Niemen tafiya ce ta fiye da kilomita 900, wato kamar daga Kaduna zuwa Ikko ta hanyar jirgin ƙasa, kuma a ƙasa za a taka. Napoliyon ya so ya bi ta kudu inda yaƙi bai taɓa ba, amma Kutuzov ya tare shi ran 24 ga Oktoba, dole ya koma kan hanyar da ya biyo, wadda ba ta da sauran ƙwayar hatsi ko ciyawar doki. A farkon Nuwamba ƙanƙara ta fara zuba sosai. Dawaki suka yi ta zamewa suna faɗuwa, sojoji na yanka su suna ci. Aka yi ta jefar da igwa da keken kaya a hanya. Ga mahayan Rasha da ake kira Kosak suna biye, duk wanda ya ratse neman abinci ko itace sai su far masa. A farkon Disamba sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifiri. Don ku gane, a sifiri ne ruwa ke daskarewa, kuma hunturun da muke kuka da shi a Kaduna ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 10 a saman sifiri ba.

A irin wannan tafiya, aikin da ya fi kowane hatsari shi ne tsaron baya. Masu tsaron baya su ne ke tsayawa su fuskanci abokan gaba, don na gaba su sami damar yin nisa. Su ne na ƙarshen barin zango, sukan tarar an cinye abinci an ƙone itace. A farkon Nuwamba aka ɗora wannan aiki a kan Mashal Michel Ney, wanda ake faɗin sunansa kamar "Ne". An haife shi a 1769, mahaifinsa maƙerin ganga ce ta katako, kuma daga ƙaramin soja ya fara har ya kai muƙamin mashal, wanda babu na sama da shi a sojan Faransa.

Ran 17 ga Nuwamba Ney ya bar garin Smolensk da mayaƙa wajen 6,000. Washegari ya tarar Rashawa sun datse hanya kusa da wani gari mai suna Krasni, sun raba shi da sauran runduna. Suka aiko masa ya miƙa wuya, ya ƙi. Da dare ya yi sai ya bar wutar sansani tana ci don a zaci yana nan, ya sulale da mutanensa zuwa kogin Dnieper, suka ƙetare a kan ƙanƙarar da ba ta gama ƙwari ba, tana tsagewa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Igwa da kaya da raunanan da ba sa iya tafiya, duk a bakin kogin aka baro su. Bayan kwana uku ya riski sauran rundunar a garin Orsha da mutanen da ba su kai 1,000 ba, alhali an riga an fid da rai da shi. Laƙabin da ya bi shi har yau shi ne jarumin jarumai.

Daga nan sai ƙetaren kogin Berezina, daga 26 zuwa 29 ga Nuwamba, inda masu aikin gada suka shiga ruwan ƙanƙara har kafaɗa suka kafa gada biyu, kuma dubban mutane suka halaka ko aka kama su. Ran 5 ga Disamba Napoliyon ya bar rundunar a hannun mijin ƙanwarsa Murat, ya nufi Paris, domin ya ji labarin an yi yunƙurin juyin mulki, kuma yana son ya haɗa sabuwar runduna. Shi kuwa Ney ya ci gaba da tsaron baya har garin Kovno a bakin Niemen, inda waɗanda suka ga abin suka ba da labarin cewa ya ɗauki bindiga da kansa yana harbi tare da 'yan tsirarun da suka rage. A tsakiyar Disamba ya ƙetare, yana cikin na ƙarshen fita daga ƙasar Rasha.

WANE NE YA YI ZANEN?

To Malam, zanen da ka bayyana aikin wani Bafaranshe ne mai suna Adolphe Yvon, wanda aka haifa a 1817 ya rasu a 1893. Ya koyi sana'ar a wurin wani shahararren mai zanen tarihi, Paul Delaroche. Zanen yana ɗauke da shekarar 1856, da fentin mai aka yi shi a kan ƙyalle mai kauri, faɗinsa ya kai wajen mita 3, kuma yana ajiye ne a gidan zane-zane na birnin Mancesta a Ingila, garin da ya yi suna da masaƙu, kamar yadda Kakuri ta yi a zamanin da KTL da UNTL ke cikin ganiyarsu.

In ka duba zanen da kyau, za ka ga duk inda ido ya kewaya sai ya dawo kan Ney. Yana tsaye a tsakiya, bindigar da ke hannunsa irin ta ƙaramin soja ce, mai ɗuri ta baki, ba takobin hafsa ba. Kewaye da shi ga mayaƙa cikin tsummoki, ga raunana, ga gawarwaki a cikin ƙanƙara, sama kuma ta yi duhu. Saƙon mai zanen a fili yake: komai ya rushe, amma ga mutum ɗaya da bai gudu ya bar na ƙasa da shi ba.

Kada a rikita shi da wasu zane biyu da su ma ake yawan bugawa a littattafai. Akwai na Nicolas Charlet na 1836, wanda ke birnin Lyon a Faransa. Shi wannan babu wani babban jarumi a cikinsa, sai dai jerin sojoji marasa suna suna jan jiki a cikin fili mai ƙanƙara. Akwai kuma na Ernest Meissonier na 1864, wanda ke gidan tarihi na Orsay a Paris, inda ake ganin Napoliyon a kan farin doki, hafsoshinsa na biye a kan hanya mai laka da ƙanƙara. Mutane da yawa sukan ce komowa daga Mosko ce, alhali kuwa yaƙin 1814 ne, a cikin ƙasar Faransa kanta.

SHIN YA GA ABIN DA IDONSA?

Amsa a taƙaice ita ce a'a. Yvon bai zo duniya ba sai bayan shekara 5 da yin abin, kuma shekara 44 ce tsakanin komowar da zanen. Babu kuma wanda ya ɗauki hoto, domin sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto. Masu irin wannan zane sukan dogara ne da littattafan da tsofaffin sojoji suka rubuta, da hira da waɗanda suka rage a raye, da tsofaffin kayan sarki da makamai, sannan su tsayar da mutane a ɗakin aikinsu su kwaikwayi tsayuwar da suke so. Saboda haka zanen ba ƙarya ba ne, domin yunwar da sanyin da jaruntakar Ney duk sun faru. Amma zaɓe ne. Mai zanen ya ɗauki abin da yake so a tuna, ya bar saura.

Me ya bari? Ku tuna adadin nan da muka ce ku riƙe. A 1869 wani injiniyan Faransa mai suna Charles Minard ya zana taswirar wannan yaƙi, inda ya nuna mutum 422,000 sun shiga, 100,000 suka isa Mosko, 10,000 kacal suka fito tare da babbar runduna. Wato ke nan mafi yawan rundunar ta zube ne tun a hanyar zuwa, lokacin zafi, kafin ƙanƙara ko ɗaya ta sauka. Yunwa da gudawa da zazzaɓi da gudun soja da faɗa su suka ci mutanen, wasu kuma aka bar su gadin garuruwa. A 2001 masu aikin gini a Vilnius, babban birnin Lituweniya, suka tono wani rami mai gawarwakin sojojin nan fiye da 3,000, kuma binciken da masana suka yi a kan haƙoransu ya nuna alamun cututtukan da ƙwarƙwata ke yaɗawa. To ƙwarƙwata da gudawa ba sa kyau a zane, ƙanƙara kuwa tana da kyau, kuma tana wanke shugaba daga laifi. Shi kansa Napoliyon, a sanarwarsa ta 29 da aka buga a Paris cikin Disamban 1812, a kan sanyi ya ɗora alhakin asarar, ya kuma rufe da cewa lafiyar Sarki ba ta taɓa yin kyau kamar yanzu ba. Haka nan talakawan Rasha da aka ƙone wa gidaje aka kwashe wa abinci, ba su sami wuri a zanen ba.

ME YA SA AKA ZANA RANAR KUNYA?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma amsarta tana cikin siyasar lokacin. Bayan an ci Napoliyon a Waterloo ran 18 ga Yuni 1815, gidan sarautar da ya dawo kan mulki ya kama Ney da laifin cin amana, saboda ya koma wa tsohon ubangidansa bayan ya yi wa sabon sarki mubaya'a. Ran 7 ga Disamba 1815 aka harbe shi a Paris. Mutumin da Rashawa da sanyi suka kasa kashewa, harsashin sojan ƙasarsa ne ya kashe shi.

Duniya juyi-juyi. A 1852 ɗan ɗan'uwan Napoliyon ya hau gadon sarauta da sunan Napoliyon na Uku, kuma babban jarinsa shi ne sunan baffansa. A 1853 aka kafa wa Ney mutum-mutumi kusa da inda aka harbe shi. A 1854 Faransa ta sake shiga yaƙi da Rasha a yankin Kirimiya, tare da Ingila da Turkiyya, yaƙin da aka gama a 1856, shekarar da ke kan zanen. Shi kansa Yvon an tura shi Kirimiya, ya zo ya zana yadda Faransawa suka ci ganuwar Malakoff. Kun ga ke nan gwamnati na bukatar ta ce wa jama'a: a 1812 ba a fi mu jarunta ba, sanyi ne ya ci mu. Sarkin da ya tafi ya bar runduna ba ya cikin zanen, wanda ya tsaya shi aka sa a gaba, don mutuncinsa ya rufe asirin sauran.

Duk da haka, Malam, kada ɗalibanka su ce ai farfaganda ce kawai su wuce. Abin da ya sa zanen ya daɗe ana kallonsa bayan mulkin da ya haife shi ya shuɗe, shi ne ya taɓo wata gaskiya da kowane soja ya sani: ranar nasara kowa jarumi ne, amma ranar ja da baya ake gane shugaban da ya ɗauki mutanensa amana.

NAMU NA GIDA FA?

Ba sai ka je Mancesta ba kafin ka nuna wa yara misali. Barikin sojan igwa da ke nan Kakuri sunansa Kalapanzin, kuma sunan wani kogi ne a yankin Arakan na ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, inda sojojinmu suka yi yaƙi da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1944 Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, mai ɗauke da 'yan Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, ta kutsa kwarin kogin Kaladan, kayanta a ka, abincinta jiragen sama ke jefo mata. A watan Maris Japanawa suka ɓullo mata ta gefe kusa da garin Kyauktaw, tilas ta ja da baya cikin kurmi da duwatsu, daga baya ta ratsa zuwa kwarin Kalapanzin. A ƙarshen shekarar Runduna ta 82, ita ma ta Afirka ta Yamma, ta gangaro ta kwarin Kalapanzin, kuma a Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung.

A cikin waɗanda ja da bayan nan ya rutsa da su akwai wani matashi ɗan Najeriya, ma'aikacin jinya na soja, Isaac Fadoyebo, wanda aka harba a bakin kogin Kaladan a farkon Maris 1944. Wani manomi Musulmi na yankin ya ɓoye shi tare da wani sajan ɗan Saliyo, yana ciyar da su wata da watanni, alhali ya san in Japanawa suka gane ransa ne a bakin. Mun san wannan labari ne domin Fadoyebo ya zauna ya rubuta shi kafin rasuwarsa a 2012. Dubban takwarorinsa daga Kano da Katsina da Zazzau da Borno da ƙasar Tibi sun tafi da nasu labarin kabari, ba zane ba rubutu, sai sunan bariki da mutane ke wucewa kullum ba su san ma'anarsa ba.

Saboda haka shawararmu gare ka guda biyu ce. Ta farko, duk hoton tarihi da yara suka gani a littafi, koya musu su tambaya: wa ya yi shi, yaushe, wa ke mulki a lokacin, kuma wa aka bari a waje? Ta biyu, kafin ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da 'yan mazan jiya, ka ba su aiki su je gida su tambayi dattawa. A Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa ba za a rasa gidan da kakansu ya je Bama, ko ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ko ya je Laberiya da Saliyo ba. Su rubuta abin da suka ji, wanda ya iya zane kuma ya zana.

Da fatan Malam da ɗalibansa sun gamsu. Masu sauraro, iyakar abin da lokaci ya ba mu ke nan a wannan mako. Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku, ku riƙa rubuta tambaya a taƙaice kuma da rubutu mai karantuwa. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ku huta lafiya.